Igiyar da Sirajo Bai Taɓa Gani Ba

Cikin 'yan Najeriyan da ke zaune a Cheras, kaɗan ne ba su san Sirajo ba, ko da a ido ne. Shi ne dogon siririn nan mai tabarau da ke fita da safe cikin farar riga, ya gaishe ka da murya ƙasa-ƙasa ya wuce, ba ya tsayawa hirar ƙwallo a bakin gini. Ni maƙwabcinsa ne. Karatu ya kawo ni Kuala Lumpur, karatun kuma ya ja ni fiye da yadda na zata. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani daga bakinsa na ji, kaɗan-kaɗan, domin shi ba mai yawan magana ba ne.

A Tudun Wadan Kaduna aka haife shi. Mahaifinsa ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Da masaƙar ta rufe sai ya koma gyaran janareta a ƙofar gida, har hayaƙi ya ci masa ƙirji. Sirajo ya tashi da kai, musamman a lissafi, irin ɗalibin da malami ke miƙa wa alli shi ya koma ya zauna. Da ya gama sakandare, gwaggonsa, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba, ta sayar da filinta na Rigasa ta ce a kai shi inda zai karanci harkar man fetur. A ganinta duk wanda ya shiga harkar mai ya rabu da talauci, shi da danginsa gaba ɗaya. Haka ya sauka a Malesiya, a wata kwaleji mai zaman kanta, da akwati ɗaya da ƙullin yaji.

A ɗakin da aka ba shi ya tarar da wani ƙato yana soya ƙwai ba riga. Haggai ke nan, ɗan Kagoro da ya girma a Sabon Tasha. A Kaduna kogi ne ya raba unguwanninsu, kuma babu ɗayansu da ya taɓa kwana a tsallaken ɗayan. A nan kuwa tukunya ɗaya ta haɗa su. Haggai mutum ne mai dariya da ƙarfi, mai tsaron gida a ƙwallon da ɗalibai ke bugawa ran Asabar, abinci ɗaya ya iya dafawa, faten acca, shi ma sai in an aiko masa da accar daga gida. Lissafi na ba shi wahala, sai Sirajo ya zaunar da shi ya yi ta maimaita masa. In aka shiga ɗakin injuna kuwa, inda ake son hannu da ƙarfi, Sirajo ne ke laɓewa a bayansa. Tun a shekarar farko Haggai ya laƙaba masa Farfesa, sunan ya bi shi.

Shekarar da suka gama karatu ita ce shekarar da farashin mai ya faɗi warwas. Kamfanoni na sallamar tsofaffin ma'aikata, balle su ɗauki baƙi sababbi. Yawancin 'yan ajinsu suka tattara suka koma gida. Su biyun suka sake yin rajistar wani karatun don takardar zamansu ta ci gaba. Haggai yana ɗaure kaya a shagon wani mai aika kaya Najeriya, Sirajo yana bi gida-gida yana koya wa 'ya'yan Larabawa lissafi. Sun daɗe a haka kafin wani ƙaramin kamfanin haƙar mai, mai ofis kusa da KL Sentral, ya ɗauke su tare. Haggai aka tura shi teku, kan dandamalin haƙa da ke gaɓar jihar Terengganu. Sirajo aka ba shi tebur da kwamfuta kusa da taga.

Wata rana muna shan shayi a wurin mamak, shagunan abincin nan na Indiyawa Musulmi, na tambaye shi ainihin abin da yake yi a ofis. Ya ce, "Ka san rijiyar gida, in an haƙa sai an ɗaure ta, in ba haka ba ta rufta. To rijiyar mai ma haka take. Sai dai ita da bututun ƙarfe ake ɗaure ta, manya, kowanne ya kai tsawon motar bas. Kesin ake ce musu. A ɗaura wannan a bakin wancan a zura, a ɗauko wani a ɗaura a zura, har a kai ƙasa. Zurfin kan wuce kilomita uku. Duk wannan nauyin igiya ɗaya ce ke riƙe da shi."

Na ce, "Igiya kuma?"

"Ta ƙarfe. Kaurinta ya kusa wuyan hannuna. Tana naɗe a jikin wata ganga, ta hau ƙololuwar hasumiya, ta sauko, ta sake hawa, ta sake saukowa, ƙatuwar ƙugiya na rataye a ƙasanta. Duk ɗagawa da saukewa yana cin jikinta. Ni aikina in ƙirga wahalar da ta sha."

Ya ce nauyi ake ninkawa da tafiya: tan ɗaya in ya yi tafiyar mil ɗaya, igiya ta ci tan-mil ɗaya ke nan. Kullum daga teku ake aiko masa da abin da aka yi, shi kuma ya tara. In jimillar ta kai haddin da aka yanka wa igiyar, sai a tsayar da aiki, a janyo sabon ɓangare daga naɗin ajiya, a yanke wanda ya gaji a jefar. Tsayawar nan ba mai sonta, domin aiki na tsaye ne ana biyan kowa.

"Lissafin kesin daban yake," in ji shi, a nan ne na ga idonsa ya ɗan yi haske. "Sandunan haƙa suna shiga su fito, shi ya sa zuwa da dawowa ake ƙirga musu. Kesin kuwa in ya shiga ya shiga ke nan, siminti za a bi shi da shi. Sai ka raba lissafin biyu. Kuma ba nauyinsa na sarari za ka ɗauka ba, domin rijiyar cike take da laka, lakar na tallafe shi, kamar yadda guga ba ya nauyi sai ya fito daga ruwa. Sannan ka ƙara nauyin ƙugiyar kanta, don ita ma tana hawa da sauka a kan kowane bututu."

Na ce, "Ka taɓa ganinta kuwa?"

"Wa?"

"Igiyar."

Ya yi 'yar dariya. "A hoto."

Ashe kafin a bar mutum ya hau jirgi mai saukar ungulu zuwa teku sai ya ci wata jarrabawa, inda ake ɗaure shi a kujera a kife shi cikin ruwa ya kwance kansa ya fito. Sirajo ya gwada, ruwa ya shiga masa hanci, ya firgita, sai da aka tsamo shi. Bai sake komawa ba. Haggai kuwa duk dawowar da zai yi daga teku, fuska ta ƙone da rana, hannu ya yi kanta, sai ya buga ƙofa yana cewa, "Farfesa, budurwarka tana gaishe ka. Ta ce yaushe za ka zo zance?"

A tsakanin nan Haggai ya auri Lai'atu, wata 'yar Pankshin 'yar ƙarama mai sanyin hali da ta zo karatun aikin jinya. Suka kama ɗaki a gininmu, hawa biyu sama da na Sirajo. Shi ma Sirajo an kai masa gaisuwa gidan su wata yarinya a Kaduna, Walida, ana jiran ya samu hutu ya je a ɗaura.

Sai annobar korona ta zo, aka rufe ƙasa. Dandamalin aka janye shi zuwa wani lungun teku aka ajiye, ya fi shekara ba ya aiki, iskar gishiri na kaɗa shi, sai 'yan gadi. Da abubuwa suka lafa aka dawo da shi, aka duba injuna, aka shafe igiya da man giris, aka fara sabuwar rijiya. Kowa na murna an dawo aiki.

Ranar da za a zura kesin, manajan Sirajo, wani Bamalaye mai sauƙin kai, ya tsaya a kansa da kofin kofi a hannu. Tambayar ita ce, a tsaya a yanke igiya kafin a fara, ko tana da sauran rai har a gama? Sirajo ya riga ya yi lissafin tun da safe, ya sake yi. Ko an gama zura kesin duka, igiyar ba za ta kai haddinta ba, da saura mai yawa.

Manajan ya ce, "Boleh?" Wato, za a iya?

Sirajo ya ce, "Boleh."

Bayan azahar yana cin shinkafar da ya sayo a Brickfields a kan teburinsa, sai ya ga mutane na tashi tsaye ɗaya bayan ɗaya. Wata sakatariya ta dafe baki. Aka shige ɗakin taro aka rufe ƙofa, ba wanda ya kira shi. Da manajan ya fito bai dubi kowa ba sai shi. Igiya ta tsinke ana tsakiyar aiki. Ƙugiyar ta faɗo. Mutum ɗaya, ɗan jihar Sarawak, ya mutu nan take. Bakin igiyar da ya tsinke ya yi bulala ya sami Haggai a gadon baya, ya maka shi da ƙarfe. Yana da rai, an ɗauke shi zuwa asibiti a gaɓa.

Sirajo ya ce min bai san yadda ya iso Cheras ba. Ya dai tsinci kansa a ƙofar Lai'atu. Ta buɗe tana tsane hannu da zani, ta ce, "A'a, Malam Sirajo, yau da wuri haka? Shigo mana." Ya kasa shiga. Ta dube shi, ta sake dubansa, sai ta jingina da bango ta zame har ƙasa tun kafin ya ce komai.

Tare suka hau bas zuwa Terengganu. Likitan bai ɓoye musu ba, kuma Lai'atu da ta yi karatun jinya ta gane tun kafin ya gama: lakar bayan ta yanke. Daga ƙirji zuwa ƙasa Haggai ba zai sake jin komai ba.

An kafa kwamitin bincike. Aka kwashe duk abin da Sirajo ya taɓa lissafawa a kan igiyar nan aka ba wasu ƙwararru daga waje, suka bi shi layi-layi. Ran da aka kira shi, wani ɗakin ajiya aka kai shi a bayan gari. A kan dogon tebur, bisa tamfol, ga guntayen igiyar nan a shimfiɗe. Ranar ya fara ganinta. Daga waje baƙa ce wuluk, tana ƙyallin giris, ba abin da za ka ce ya same ta. Sai wani dattijo cikin masu binciken ya sa ƙarfe ya buɗe murɗinta. Cikin ja ne jawur, tsatsa na zuba kamar garin jar ƙasa. Zaman da ta yi a bakin teku ne ya cinye ta daga ciki, man da ke tsakiyarta ya bushe, gishiri ya shiga. Lissafi kuwa aikin da igiya ta yi yake ƙirgawa, ba ya ƙirga zaman da ta yi.

Suka ce lissafinsa ba kuskure ko ɗaya. Manajan ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ba laifinka ba ne." Sirajo ya miƙa hannu ya taɓa bakin igiyar, wani silin waya ya soke shi a yatsa. Ya tsaya yana kallon jinin har sai da aka ce masa an gama, zai iya tafiya.

Bayan watanni aka sallamo Haggai ya dawo Cheras a keken guragu. Mutumin da ke cika ƙofa ya zube, sai faɗin kafaɗa da ƙashi, amma duk da haka ya fi ƙarfin Lai'atu. Ba ta iya ɗaga shi daga gado zuwa keke, ba ta iya kai shi banɗaki. Ba wanda ya roƙi Sirajo. Kafin ya tafi ofis sai ya hau sama ya ɗaga shi, ya yi masa wanka, ya sa masa kaya. In ya dawo da yamma ya sake hawa, ya juya shi, ya duba masa baya da ɗuwawu kamar yadda Lai'atu ta koya masa, ko fata ta fara ja. Ya koyi sauya robar fitsari. Ya koyi abubuwan da abokai ba sa yi wa juna sai dole.

A lokacin ne na lura ya daina shiga lif. Sai in gamu da shi a matakala yana haki, riga ta jiƙe. Na tambaye shi, ya ce motsa jiki yake yi. In zai kai Haggai asibiti ne kawai yake shiga, don ba yadda zai yi, kuma in ya shiga idonsa na kan rufin, inda igiya ke riƙe da lif ɗin, har a sauka. Wata rana lif ɗin ya lalace, ranar ganin likita ce, ni da shi da wasu ɗalibai biyu muka sauko da Haggai a hannu. Haggai ya rufe ido har ƙasa.

Kada in ce Haggai ya ɗauki abin da haƙuri, domin bai ɗauka ba. Akwai ranakun da ba ya magana. Akwai ranar da ya yi wurgi da kwanon abinci ya fasa gilashin taga. Mutanen cocinsu na zuwa ran Lahadi su yi masa waƙa da addu'a, wani lokaci ya juya fuska bango har su tafi. Wata safiya Sirajo na goge masa jiki, hannunsa ya kuɓuce, Haggai ya bugu da bakin baho. Bai ji zafi ba, ƙarar kawai ya ji. Ya ɗago ya ce, "Kai ne ka ce boleh, ko ba kai ba ne?"

Lai'atu na bakin ƙofa da tawul. Ta ce, "Haba, Haggai."

"Tambayarsa na yi. Ba shi ba ne?"

Sirajo ya ce, "Ni ne." Ya ƙarasa wankan, ya sa masa riga, ya kai shi gado, ya tafi aiki. Da yamma ya dawo kamar kullum.

An yi kwanaki ba mai ce wa wani komai sai abin da ya zama dole. Sai wata Asabar da la'asar, ana ruwan nan na Kuala Lumpur mai kamar da bakin ƙwarya, Lai'atu ta fita kasuwa ruwan ya tare ta. Sirajo ya gama juya shi zai fita, Haggai ya ce, "Farfesa, zauna."

Ya zauna a bakin gado.

"Faɗa min lissafin ranar nan. Daga farko."

Sirajo bai buƙaci duba komai ba. Ya faɗi zurfin rijiyar, ya faɗi tsawon kowane bututu da nauyinsa, ya faɗi kaurin lakar da abin da ta rage wa nauyin.

"Ƙugiya fa?"

"Na sa ta."

"Ka raba biyu?"

"Na raba."

Haggai ya ƙura wa silin ido, leɓensa na motsi, yana bi a hankali kamar yadda yake yi a ɗakinsu na kwaleji. Can ya ce, "Ni ma abin da zan samu ke nan." Ya numfasa. "Ni kullum ina gefen igiyar nan. Da hannuna na shafa ta da safen nan, ban ga komai ba. Wanda ya mutu ya fi ni daɗewa a teku, bai ga komai ba." Ya juyo da kai. "Abin da na faɗa ran nan, na faɗa ne don kai ne a kusa. Amma ka ji, mutumina, ka daina shigo min da wannan fuskar. Ciwona ya ishe ni. Kada ka ƙara min da naka."

Sirajo ya tashi. Ya je ya rufe taga don feshin ruwa na shigowa.

Daga Kaduna kuwa ana ta waya. Iyayen Walida sun gaji da jira. Sirajo ya ɗaga tafiyar sau ɗaya, ya sake ɗagawa, domin in ya tafi ba mai ɗaga Haggai. Ya yi wa mahaifinta bayani, dattijon ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya ba mara lafiya lafiya, amma shi ma yana da haƙƙin 'yarsa a wuyansa. Aka mayar da kayan gaisuwa gidan gwaggo. Sirajo bai faɗa wa Haggai ba. Lai'atu ce ta ji a bakin matan unguwa, ta same shi a matakala ta ce, "Malam Sirajo, me ya sa ka yi mana haka? Yanzu da wane ido za mu dube ka?" Ya ce mata dama can abin bai yi nisa ba. Ta san ba gaskiya ba ne, ta ƙyale shi.

Ƙarshe takarda ce ta raba su. Izinin zaman Haggai a jikin aikinsa yake, aikin kuma ya ƙare. Kamfanin ya biya abin da inshora ta yanke, ya ja lokaci iya yadda zai iya, daga nan ba sauran hanya. Likita ya gargaɗi Lai'atu a kan abu ɗaya: fatar baya. Ya ce mutumin da ba ya ji, gyambon kwanciya ne ke kashe shi, ba karayar ba. Sirajo ya sayi katifar iska mai aiki da lantarki, wadda ke hurawa tana saki da kanta don kada jiki ya danne wuri ɗaya, ya naɗe ta da hannunsa ya sa a kaya.

Na raka su filin jirgi. A inda ba a barin mai rakiya ya wuce, Sirajo ya durƙusa ya gyara wa Haggai ƙafafu a kan matakin keken, ya ɗaure masa igiyar takalmin da ta kwance. Haggai ya kama wuyan rigarsa da hannun nan nasa mai ƙarfi har yanzu, ya jawo shi, ya ce, "In ka zo gida, ka tsallako kogi. Ka ji ko?"

"Zan zo."

"Ƙarya kake, Farfesa. Tsoron ruwa kake." Ya yi dariya, irin ta da, har mutane suka waiwayo. Wani ma'aikaci ya karɓi keken ya tura.

Da farko labari mai daɗi ke zuwa daga Kagoro. Uwarsa ta gan shi, 'yan'uwa na ɗaga shi, yana zama a inuwar mangwaro yana kallon dutse. Sai Lai'atu ta fara cewa wuta ba ta zama. Wani lokaci a yi kwanaki ba a kawo ba, katifar ta lafe ta zama tabarma. Suka sayi ƙaramin janareta, man ya gagara. 'Yan'uwan da ke juya shi suna da gonakinsu. Fata ta yi ja, ta buɗe, ta ƙi rufewa. Sirajo ya aika da batir mai cajin rana, kafin ya isa gyambon ya kai ƙashi. Aka kwantar da shi a wani asibiti a Kafanchan, zazzaɓi ya shiga jininsa. Bai cika shekara da komawa ba ya rasu.

Sirajo bai samu zuwa jana'iza ba. Fasfonsa na hannun hukumar shige da fice ana sabunta masa izinin aiki. Ƙanen Lai'atu ne ya ce zai riƙe masa waya ya gani. Safiya ce a can, a nan kuwa an tashi daga aiki. Ya kira ni na same shi a Brickfields, muka tsaya a ƙarƙashin rumfar wani mai sayar da furanni, motoci na wucewa, waƙar Indiya na tashi daga shagon kusa. A cikin wayar muka ga mata cikin anko suna waƙa da Hausa, muka ga akwatin, muka ga Lai'atu an riƙe ta ta kowane gefe. Hoton na tsayawa yana tafiya. Fasto ya fara magana, sai hoton ya daskare a kan ƙafafun mutane da jar ƙasa, ya ɗauke. Sirajo ya sake kira bai shiga ba. Ya sake, bai shiga ba. Mai furannin ya fito ya tambaye mu ko za mu sayi wani abu. Sirajo ya ba shi haƙuri, muka matsa.

Bayan haka bai daɗe a gininmu ba. Ya kama ɗaki a Kampung Baru, a wani tsohon gidan katako na ƙasa. Yana nan a kamfanin, har an ƙara masa girma, igiyoyin dandamali uku ne yanzu a hannunsa. Ya rubuta wa shugabanninsa cewa duk igiyar da ta zauna ba aiki a buɗe cikinta a duba kafin a ɗora mata nauyi, ko lissafi ya ce me, suka karɓa suka sa a ƙa'idar aiki. Lai'atu ta samu aiki a wani ƙaramin asibiti a Jos. Suna gaisawa lokacin bukukuwa.

Juma'ar da ta wuce na gan shi bayan an sauko daga masallaci. Furfura ta fito masa a gefen kai, shi da bai kai arba'in ba. Muka zauna a wata rumfa muka sa aka kawo shinkafa da kifi. Ya tambaye ni karatu, na ce ana nan ana fama. Na tambaye shi jiki, ya ce likita ya ce jininsa ya hau, an ba shi ƙwayoyi. Ya ci rabin abincin, ya ce wa mai rumfar ta yi masa tapau da sauran, ta ƙulle masa a leda. Ya ce gobe za a zura kesin a ɗaya daga cikin rijiyoyin, ana jiran amsarsa a kan igiya kafin a tashi daga aiki. Muka yi musabaha, ya bi cikin taron masallata ya nufi tashar jirgi.